Madubin saiti na farautar barewa a Ohayo: wanne zan saya?

Ɗan_Nima_Kolombus
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga daji a ƙasar nan ta Amurka. Na gama kwas ɗin da hukumar kula da namun daji ta jihar Ohayo take sa sabon maharbi ya yi, na karɓi lasisi da takardar izinin barewa, na kuma sayi bindiga mai cin harsashin 350 Legend. Saura madubin saiti. Maigidana a wajen aiki yana da gona a kudu maso gabashin jihar, wajen dajin Wayne, ya ce in zo makon bindiga, wanda ake buɗewa ranar Litinin ɗin da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Da na shiga shago sai kaina ya ɗaure: wannan an rubuta 2-7x33, wancan 3-9x40, wani 6-24x50. Zuciyata ta fi karkata ga 6-24x50, don da na leƙa ta cikinsa har ƙananan rubutun da ke bangon ƙarshen shagon na karanta, kuma abin mamaki kuɗinsa bai kai na ƙananan ba. Dala 300 na ware. Me kuka gani?

Bakano_Hustan
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa sahu, ƙanena. Ɗauki babba kawai ka huta. Ni 4-16x50 ne a kan bindigata mai cin 6.5 Creedmoor, kuma a kudancin Teksas barewa takan fito a yadi 250 ko 300 a kan layukan da ake sharewa cikin sarƙaƙiya. In madubinka ba ya zuƙowa sosai, ko namiji ne ko mace ba za ka tantance ba. Wanda ya yi yawa ana iya rage shi, wanda ya gaza fa?

Injiniya_Madison
Alhaji Bakano, da girmanka, amma shawarar Teksas ka ba mutumin da zai shiga dajin Ohayo.

Ɗan Nima, bari mu fara da lambobin. Biyun farko ƙarfin zuƙowa ne: 3-9 yana nufin daga ninki 3 zuwa ninki 9. Ta ƙarshen kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali shi ne, gwargwadon yadda ka zuƙo, gwargwadon yadda filin da kake gani yake tsukewa. Madubin 3-9x40 in yana kan 3 zai nuna maka faɗin kusan ƙafa 33 a nisan yadi 100, in ka murɗa zuwa 9 ya koma wajen ƙafa 13. Shi wanda ka ƙwallafa rai a kansa ba ya sauka ƙasa da 6, wato faɗin da bai wuce ƙafa 18 ba a yadi 100.

To yanzu ka kalli inda za ka je. Yankin nan tudu ne da kwazazzabai da manyan itatuwa, ba fili ba. Barewar za ta ɓullo maka ne a yadi 30 zuwa 60, galibi tana tafe. A yadi 30 waccan ƙafa 18 ɗin ta koma ƙafa 5 da 'yan kai, tsawon jikin dabbar kawai ya kusa cinye shi. Sai ka ɗaga bindiga ka ga bawon itace, ka matsa ka ga gashi toka-toka ba ka san ko ciki ba ne ko cinya, kafin ka gama lalube ta ɗaga farar wutsiyarta ta haura tudu.

Na biyu, harsashinka. Winchester sun fito da 350 Legend a 2019 ne musamman don jihohi irin Ohayo, waɗanda ba su yarda a harbi barewa da harsashi mai wuyan kwalba ba, sai mai miƙaƙƙen kwanso. Iyakar aikinsa na gaskiya wajen yadi 200 ne. Me ninki 24 zai yi maka a nan?

Arahar kuma kada ta ruɗe ka. Madubin da ya fi yawan gilasai a ciki amma ya fi sauƙin kuɗi, a ingancin gilashin aka yi tsimi. Araha ba ta ado. Ni da ni ne, 2-7x33 ko 3-9x40 na kamfanin kirki.

Bakano_Hustan
To Injiniya, na ji lissafi. Amma gona aka ce masa. Gonar masara da aka girbe ai fili ce fetal.

Injiniya_Madison
Ko a gonar, ninki 9 ya ishe shi yadi 200. A ninki 9 barewar da ke yadi 200 za ta bayyana kamar tana yadi 22 ne a ido tsirara. Wanda ya kasa harbi a haka ba madubi ne matsalarsa ba.

Baba_Mai_Adaka
Ikon Allah. Yaran nan, ina karanta ku daga nan Ningi ina dariya. Mu da muka tashi da adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ko ƙwayar saiti ta kirki babu, da ita muka ci gada da mazo. Ɗana Ɗan Nima, abin da zan gaya maka ba a sayar da shi a shago. Ka san inda iska take kaɗawa kafin ka zauna. Mu toka muke ƙullawa a tsumma, a girgiza a ga inda ta nufa. In iska ta ɗauki warinka ta kai wa nama, ko madubin da ke hango Makka ne a hannunka ba abin da za ka gani. Kuma in ka zauna ka zauna. Maharbi mai ƙaiƙayin jiki da yunwa yake kwana.

Ɗan_Nima_Kolombus
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi abin da maigidana ya faɗa ke nan, su wata 'yar kwalbar farin gari suke matsawa.

Maman_Hanifa
Ni ba maharbiya ba ce, ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, amma ina da ta cewa. Duk Nuwamba sai an kawo mana maharba, wani ma tun kafin a buɗe farauta, daga wajen gwaji. Yanka ne a lanƙwashe daidai saman gira, jini ya wanke rabin fuska, mutum ya danne da hularsa mai ruwan lemo yana kunyar faɗin abin da ya faru. Bindiga ta yi shuri, bakin madubi ya sare shi. Wani dattijo da muka ɗinke ya ce min a kan itace yake, ya sunkuya ya harbi barewar da ke ƙarƙashinsa, sai goshinsa ya matso kusa ba tare da ya lura ba. Don Allah ɗan'uwa, duk wanda za ka saya ka tambayi yadda zai bar tazara tsakaninsa da idonka.

Injiniya_Madison
Maman Hanifa ta taɓo muhimmin abu. Tazarar ido ana rubuta ta a takardar madubin, ka nemi inci 3 da rabi zuwa 4. A madubai da yawa tazarar tana raguwa in ka zuƙo zuwa ƙarshe, wannan ma wani dalili ne na barin sa a ƙasa. Sauƙin abin dai 350 Legend ba ta da mugun shuri. Masu 450 Bushmaster da masu bindigar harsashin dunƙule su suka fi shan wannan sara.

Damagaram77
Salamu alaikum. Tunda kuna kusa da abin, ba mai iya saya min ɗaya ya saka a jaka in zai zo gida? Zan biya. Nan Zinder nake.

Shugaban_Zaure
Damagaram77, a'a. Kuma kowa ya ji da kyau. Madubin bindiga yana cikin kayan da gwamnatin Amurka ta sa wa takunkumin fitarwa, ba a fita da shi zuwa ƙasashenmu sai da lasisi. Ga kuma halin tsaro da ake ciki a gida, wanda aka kama da irin wannan a filin jirgi sai Allah. Zancen nan na masu farauta da lasisi ne a inda doka ta yarda. Wanda ya sake kawo maganar aike zan goge.

Damagaram77
A yi haƙuri shugaba, tambaya ce kawai.

Direban_Dare
Mu koma kan magana. Ni a Mishigan nake farauta, kuma abin da ba wanda ya faɗa tukuna shi ne lokaci. Barewar nan mai farar wutsiya da asuba take yawo da kuma gab da magariba. A Ohayo doka ta ba ka daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta, kuma sau da yawa a cikin waɗannan 'yan mintocin na gefe-gefe ake yin ta. A ƙarƙashin itatuwa duhu yana riga fili sauka. A nan ake bambance madubin kirki da na banza, ba a cikin shago mai fitilu ba. A shago kowane madubi garau yake.

Wani abokin aikina ya sayi irin manyan nan marasa suna a intanet. Muna zaune da asuba ana sanyin nan mai shiga ƙashi, da gari ya fara wayewa ya leƙa sai ya ga fari fat. Ya goge gaba, ya goge baya da gefen rigarsa, a banza, ashe raɓar a ciki take. Haka ya zauna rungume da bindiga har hantsi, nama ya gifta sau ba adadi. Madubin kirki ana zuƙe iskar cikinsa a ɗura iskar naitirojin ko ta agon a liƙe, shi ya sa ba ya gumi ta ciki. Ka duba wannan kafin ka duba zuƙowa.

Shawarata 3-9x50, don gilashin gaba mai faɗi ya fi tara haske.

Injiniya_Madison
Direba, na yarda da kai har zuwa layin ƙarshe. Akwai lissafi mai sauƙi: raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin zuƙowa, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Milimita 40 a ninki 5 ya ba da 8. Ƙwayar idon matashi a duhu ba ta buɗewa fiye da wajen milimita 7, ta masu furfura irina ma 5 ce ko kusa. Ke nan a ninki 4 ko 5 mai 40 ya riga ya ba ka fiye da abin da idonka zai iya karɓa, ragowar zubewa yake. Mai 50 yana nuna fifikonsa ne in ka kai 8 ko 9. Ga nauyi, ga shi dole a ɗaga shi da dogayen zobba don kada ya taɓa bututun bindiga, sai kuncinka ya tashi daga kan kota kana leƙe da wuya a miƙe. Dala 300 ɗin nan in aka zuba ta a gilashi mai kyakkyawan shafe na milimita 40 ta fi amfani.

Direban_Dare
Lissafinka daidai ne a takarda. Ni dai na leƙa biyun a magariba ɗaya, gani ya kori ji.

Injiniya_Madison
Kamfani ɗaya ne, aji ɗaya? In ba haka ba gilashi ka gwada, ba faɗi ba.

Baba_Mai_Adaka
In duhu ne damuwarku, ku ɗaura cocilan a goshi mana. Ido yana ƙyalli ka saki wuta.

Direban_Dare
Baba, rufa mana asiri! A nan wanda ya haska barewa da fitila ya harba, tara ce da ƙwace bindiga, lasisi ma ya tafi. Ga shi ido biyu masu ƙyalli a gonar Bature yana iya zama ɗan maraƙinsa.

Almajirin_Risala
Assalamu alaikum. Ina bin zancen, kuma ina ganin maganar haske da kuke yi ta shiga fiƙihu ba ku lura ba.

Da farko, Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. To niyya ta zama ta nama, ba ta rataye ƙaho a falo ba. A yi bisimilla lokacin sakin harbi, a riƙe wuƙa mai kaifi a jiki, in an tarar da dabbar da sauran rai a yanka. Harsashi kuwa malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da ya kashe, saboda yana hudawa ya zubar da jini, ba bugu yake yi ba.

Inda nake son ku tsaya shi ne nan. Na ji al'adar maharban ƙasar nan ce in sun harbi barewa da magariba, harbin bai zauna daidai ba ta gudu, sai su ƙyale ta har safe don kada su tashe ta ta ƙara nisa. A Risala an ce ka ci abin da kibiyarka ta kashe matuƙar bai kwana ba ka gan shi ba. An kuma kawo wani ƙaulin cewa wannan sharaɗin na abin da kare ko tsuntsun farauta ya kashe ne, amma in an sami kibiya a makasar dabbar babu laifi. Ka ga akwai saɓani. Mafita ita ce kada ka jefa kanka ciki: in haske ya yi ƙarancin da ba ka ganin giciyen saitin da ke cikin madubinka a bayan kafaɗarta, ka sauke bindiga. Madubin da zai sa ka ga makasa sosai yana taimakon addininka ne ma, ba ado ba ne.

Abu_Sumayya
Allah ya gafarta Malam, a ƙara da cewa hadisi ya zo da sauƙi a nan. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an ce in ka same ta bayan kwana ɗaya ko biyu, babu wata alama a jikinta sai ta kibiyarka, ka ci, amma in ta faɗa ruwa kada ka ci. Na Abu Sa'alaba kuma ya ce ko bayan kwana uku, matuƙar ba ta yi wari ba.

Almajirin_Risala
Haka ne Malam Abu Sumayya, hadisan tabbatattu ne, shi ya sa na kawo ƙauli na biyu. Sai dai ka lura da sharaɗin: babu wata alama sai taka. A dazukan nan akwai karnukan dajin da suke kira koyote, kuma ba kasafai suke barin gawa ta kwana lafiya ba. In ka zo da safe ka tarar sun fara ta, wa ya ƙarasa ta, kai ko su?

Abu_Sumayya
Wannan kam sai a bar musu kayansu.

Ɗan_Nima_Kolombus
Na gode malamai, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. To na ajiye batun 6-24. Na koma shagon jiya bayan aiki, sai mai shago ya ƙara rikita ni. Ya nuna min wani mai 'yan layuka a ƙarƙashin giciyen, wai kowane layi na wani nisa ne. Ya kuma ce mai jikin milimita 30 ya fi mai inci 1 haske. Gaskiya ne?

Injiniya_Madison
Na biyun zancen ciniki ne. Kaurin jiki yana ba da ƙarin filin murɗa saiti sama da ƙasa, abin da masu harbin nesa suke buƙata. Haske daga gilashi da shafensa yake zuwa. Inci 1 ya ishe ka, zobbansa ma sun fi sauƙin samu.

Layukan kuwa suna da amfani in an yi su don harsashinka, kuma a yawancin madubai na wannan farashin ba sa yin daidai sai ka murɗa zuƙowa zuwa ƙarshe. In kana kan 4 ka yi aiki da layin yadi 200, ƙarya zai yi maka. Ni na fi son giciye mai kauri a gefe, siriri a tsakiya, don da magariba idonka yana kama kaurin nan da nan. In ka saita 350 Legend a yadi 100, a yadi 200 yana faɗuwa wajen inci 7 zuwa 8. Makasar barewa, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinta bai wuce faifan rufe ƙwarya ba, inci 8 zuwa 10. Daga bakin bindiga har wajen yadi 150 ka ɗora giciye a tsakiya kawai ka ja kunama.

Bakano_Hustan
Ni fa har yanzu ina nan a kan bakata. Yau Ohayo ne, gobe in na gayyace shi Teksas sai ya sake sayen wani? A sayi abu sau ɗaya.

Direban_Dare
Alhaji, in ya zo Teksas ai bindigar ma sai ka ara masa taka, 350 ba ta kai yadi 300 ɗinku.

Bakano_Hustan
Bindiga da mota ba na ba da aro.

Sarkin_Yawo
Ku ba shi sunaye mana, kun cika shi da lissafi. Ɗan Nima, a kuɗin da ka ware ka duba Leupold VX-Freedom, suna da 3-9x40 da 2-7x33, a Oregon ake haɗa su. Ka duba Vortex, Crossfire II ko Diamondback, kamfanin yana Wiskonsin kusa da su Injiniya. Akwai Burris Fullfield. Leupold da Vortex duka suna da garanti na har abada, ko a hannun wani ka saya. In ka ga tsohon Nikon da araha ka sani sun daina ƙera madubin bindiga, gyara zai iya ba ka wahala. Su Zeiss na Jamus da Swarovski na Ostiriya ka leƙa dai don ka san akwai su, ka mayar musu a hankali.

Kuma kada ka kashe 300 ɗin duka a madubi. Ka rage na zobba da gindinsu. Madubai da yawa da ake zagi ba su da laifi, zobban gwangwani ne suke sakin su.

Injiniya_Madison
Sarkin Yawo ya gama magana a kan zobba. In za ka ɗaura da kanka, sa rigar sanyin da za ka shiga daji da ita tukuna, don kaurinta yana canza inda kanka yake zama. Rufe ido, ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, buɗe. In ka ga da'ira cikakkiya ba baƙin gefe, wurin ya yi. In sai ka miƙa wuya, matsar da madubin, ba kanka ba. Sukurorin zobba ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo, akwai sukundireba mai awo, yawanci 15 zuwa 18 a ma'aunin inci-fam, amma ka bi abin da takardar ta ce.

Sannan saiti. Fara a yadi 25 don ka sami takarda, ka koma 100. Kowane ƙas na murɗi kwata ɗin inci ne a yadi 100, wato ƙas 4 inci 1. A yadi 25 kuwa sai ƙas 16 kafin ya motsa inci 1, nan ne sababbi suke zaton madubin ya lalace. Harba uku, duba tsakiyarsu, sannan ka murɗa. Hukuma tana da filin gwaji a Delaware, arewa da Kolombus, akwai layin yadi 100, sai dai ana sayen takardar shiga. Kuma harsashin da ka saita da shi, shi za ka kai daji, kamfani ɗaya nauyi ɗaya.

Ɗalibi_A_Toledo
Tambaya a gefe don Allah. Mu masu bizar karatu za mu iya shiga wannan harka?

Shugaban_Zaure
Dokar tarayya ta hana mai bizar zama na wucin gadi riƙe bindiga, amma ta yi togaciya ga wanda yake da lasisin farauta mai aiki. Abu ne da kuskure kaɗan zai iya taɓa zamanka a ƙasar, don haka ka ga lauya ko ofishin ɗaliban waje na makarantarku kafin ka taɓa ko da ta aro ce. Kada ka dogara da zaure.

Direban_Dare
Wani abu da na ga sababbi suna yi, kuma yana tayar min da hankali: su ji motsi a kurmi sai su ɗaga bindiga su leƙa ta madubi don su ga mene ne. Duk abin da ka kalla ta madubin saiti, bakin bindiga ka nuna masa. Makon bindiga daji cike yake da mutane. Ka rataya ƙaramar tabarau ta hangen nesa a wuya, 8x42 ko ma ƙasa da haka, da ita ake dubawa. Rigar ruwan lemo dole ce a doka. A Ohayo kuma harsashi 3 kacal aka yarda su kasance a cikin bindigar, ka kuma karɓi izinin mai gona a rubuce ka sa a aljihu, ko da maigidanka ne.

Hajiya_Mai_Kilishi
Ku dai ku gama gardamar gilashinku, ni nama nake jira. Ɗana, in Allah ya ba ka sa'a ka kula da masu gyaran nama. Naman barewa ba shi da kitse, to in za su niƙa sukan haɗa da kitsen alade ko na sa, kuma injin ɗaya ne. Ka ce musu yanka-yanka kawai kake so, ko ka kawo gida mu feɗe a gareji. Cinyar baya tana yin kilishi na gani na faɗa, don ba jijiyar kitse da za ta sa shi fari. Ni zan kawo labu da yaji.

Maman_Hanifa
Hajiya, a sa da ni. Amma a duba batun cutar nan da ke cin ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita. An same ta a barewar daji a ƙaramar hukumar Wyandot ta Ohayo a ƙarshen 2020, kuma hukuma tana da yankunan da take gwada kawunan. Inda zai je da nisa daga can, amma ya karanta littafin dokokin bana, ya sa safar hannu wajen fiɗa, a bar ƙwaƙwalwa da lakar baya.

Baba_Mai_Adaka
A bar ƙwaƙwalwa? To me ya rage a kan? Allah ya kyauta.

Ɗan_Nima_Kolombus
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira maigidana na tambaye shi wurin zaman. Ya ce guda biyu ne: ɗaya a kan itace cikin kwazazzabo inda ba a ganin abin da ya wuce yadi 50, ɗayan rumfa ce a bakin gonar waken suya, daga nan zuwa ɗaya gefen wajen yadi 170. Bai san wanda zai ba ni ba sai ranar, ya danganta da iska. Yanzu tsakanin 2-7x33 da 3-9x40 nake.

Sarkin_Yawo
2-7. Ya fi sauƙi a hannu, kuma a kwazazzabo ninki 2 ɗin nan zinariya ne, kana iya harbi da ido biyu a buɗe.

Direban_Dare
3-9x40. A bakin gona da magariba za ka so ƙarin gilashin, 33 ya yi kaɗan. Ka bar shi a kan 3 kullum, in ta fito nesa akwai lokacin murɗawa.

Injiniya_Madison
Duk biyun za su yi. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka fita da su bakin ƙofa bayan rana ta faɗi, ka kalli ƙarƙashin wata mota a can ƙarshen wurin ajiye motoci. Wanda ya fi nuna maka abin da ke cikin inuwar, shi ne naka.

Bakano_Hustan
Yadi 170 a bakin gona, kun ji ko? Akwai 4-12x40 ma a kuɗin nan, ban ce komai ba.

Ɗalibi_A_Toledo
Injiniya, in za ku je Delaware ɗin saiti ranar Asabar, ana barin mai kallo ya shiga ko shi ma sai ya sayi takarda?